Damben Iska a Gwallaga

Idan ka taso daga Kano ka bi ta Wudil da Birnin Kudu, ba za ka ji ka shiga wata ƙasa ba sai ka kusa Ningi. Daga nan shimfiɗaɗɗun gonakin gero da dawa suke fara tsukewa, duwatsu su fara leƙowa, wasu a tsaye su kaɗai, wasu a ɗore kan juna. Tafiyar ta kusa kilomita 300, kuma da hunturu na yi ta, lokacin da hazo ke cinye kan duwatsun ya bar maka gindinsu. Ɗaurin aure ne ya kai ni Bauchin Yakubu. Abokina ne tun na makarantar kwana zai aurar da 'yarsa ta fari, ya kuma rantse ba zan kwana a otal ba alhali yana da ɗaki a Gwallaga.

Gwallaga unguwa ce da masallacinta ya kai sunanta nesa. Duk mai bin wa'azin Izala a Arewa ya san Masallacin Gwallaga da ke kan titin Murtala Muhammad, ko da bai taɓa taka Bauchi ba. Bayan babban titin kuwa lunguna ne, da masu shayi, da masu cajin waya, da masu wankin babur, da mata masu tuyar masar nan da Bauchi ke taƙama da ita, kuma da gaskiyarta. Ba zan tsaya kan masa ba, don duk wanda ya je Bauchi da labarinta yake dawowa, har an ishi mutane. Abin da ya riƙe ni wani ɗan farin akwati ne da na tarar a falon mai masaukina, ƙarƙashin talabijin.

Wii ne. Kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya faro a birnin Kyoto a 1889 yana buga katin wasa, shi ya fito da shi a Nuwamban 2006, ya kuma sayar da fiye da miliyan 100 kafin yayinsa ya wuce. Wannan na gwanjo ne, ƙanin matar gidan ya sayo wa yara, tare da faifan Wii Sports mai wasanni biyar: tanis, dambe, golf, besbol, da wasan nan na Turawa da ake mirgina ƙwallo mai nauyi ta rushe sanduna goma. Abin da ya sa duniya ta ruɗe a kansa lokacin da ya fito shi ne alkawarin da ya yi. Da can maɓalli kake dannawa ɗan mutumin cikin talabijin ya kai duka a madadinka. Yanzu aka ce tashi tsaye, riƙe wannan rimot ɗin, kai dukan da kanka.

Bayan magariba autan maza na gidan, yaron da bai wuce aji huɗu a firamare ba, ya miƙo mini rimot ɗaya.

“Baffa, zo mu buga tanis. Sa hannunka a igiyar tukuna, kada ka fasa mana talabijin.”

Na taɓa buga tanis a jami'a, har ina ganin ban yi laifi ba. Na gyara tsayuwa, na karkata kafaɗa, na ja hannu baya, na sako shi da dukkan jikina yadda aka koya mana. Yaron kuwa yana kishingiɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, gwiwar hannunsa ba ta ko motsi. Da ƙwallo ta zo sai ya ɗan karkaɗa wuyan hannu, ƙyas, ta dawo mini a guje. Ya cinye ni tas, ni ina haki, shi yana cin gyaɗa da ɗaya hannun.

“Baffa, ba sai ka wahala ba. Shi fa ba ya ganinka. Girgiza kawai yake ji.”

Yaron bai karanta komai a kan na'urar ba, amma bayaninsa daidai yake. A cikin rimot ɗin akwai wani ɗan ma'auni da faɗinsa bai wuce milimita huɗu ba, irin wanda ke cikin wayarka yake sa hoto ya juya idan ka kwantar da ita. Cikinsa wani ɗan nauyi ne da ido ba ya iya gani, a rataye da siraran zaruruwan silikon. Idan aka fizgi rimot, nauyin ya ɗan goce daga mazauninsa, sai a auna gocewar da lantarki. Yana auna fizga ta fuska uku, gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, ana aika wa akwatin sakamakon ta Bluetooth kimanin sau 100 a daƙiƙa. Iyakar saninsa ke nan. Bai san inda hannunka yake a cikin ɗakin ba. Bai san ko daga kafaɗa ka ɗauko dukan ko daga wuyan hannu ba. Ƙafa kuwa bai ma san an halicce ta ba. Sannan mudunsa ƙarami ne, yana cika da an kai kusan ninki uku na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, kuma yaro yana kai wannan da ɗan karkaɗa hannu. Duk ƙarfin da na ƙara a kan haka zubewa ya yi ta yi a iska.

Masu tsara wasan sun san wannan, shi ya sa suka ɗauke wa mai wasa abin da na'urar ba za ta iya ji ba. Ɗan mutumin cikin allo da kansa yake gudu ya je inda ƙwallo za ta sauka. Naka shi ne lokacin bugu: ka yi sauri ta tafi wannan kusurwa, ka yi jinkiri ta tafi waccan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin tanis ya san rabin wasan da ƙafa ake yinsa, ko ma fiye. Kafin raket ya taɓa ƙwallo an riga an ci ko an faɗi, gwargwadon ko ka iso da wuri ka dasa ƙafarka ko kuwa a guje ka cim mata. Wannan rabin suka yanke suka ajiye, suka bar wa mutum ɗan ƙarshen.

Abin da ya fi ba ni dariya a daren shi ne kyandir. Akwai wani siririn sanda da ake ɗorawa kan talabijin, mai wata igiyar wuta siririya, kuma ɓera ya riga ya gama da igiyar tasu tun bara. Mutane suna ɗauka wannan sandan ne idon na'urar. Ba ya ganin komai. 'Yan fitilu ne a bakinsa biyu, masu fitar da hasken da idon ɗan Adam ba ya kamawa, kyamarar kuwa tana hancin rimot ɗin da ke hannunka, ita ke hango ɗigon haske biyu ta gane inda ka nuna. Wata 'yar gidan da ke karatun kimiyya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ce ta gano cewa harshen wuta ma yana fitar da irin wannan hasken. Don haka idan za a zaɓi wasa sai a kunna kyandir biyu, a kafa su gaban talabijin da ɗan tazara, 'yar alamar hannu ta bayyana a allo, a zaɓa. Da an shiga wasan sai ta hure su don kada su ƙone a banza, tanis ya ci gaba ba abin da ya ragu. Ba na jin akwai hujjar da ta fi wannan nuna cewa wasan ido rufe yake yinsa.

Bayan isha'i wani dattijo maƙwabcinsu ya shigo yi wa mai gidan Allah-sanya-alheri. Mahauci ne da ya bar wa 'ya'yansa teburin nama, gajere, mai faɗin kafaɗa, hannun damansa duk tabo. Mai masaukina ya raɗa mini cewa a ƙuruciyarsa ɗan dambe ne, irin waɗanda ke bin garuruwa da kaka bayan an yi girbi, da makaɗansu na kalangu. Yaran suka yi masa caa.

“Baba, don Allah gwada na damben. Sau ɗaya kawai.”

Ya yi ta nokewa, daga baya ya cire hularsa ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun riga. A wasan damben hannu biyu ake riƙewa, rimot a ɗaya, a ɗayan kuma wani ƙaramin abin riƙo mai igiya da ake kira Nunchuk, wanda shi ma yana da nasa ma'aunin fizga. Aka ɗaura masa. Abin da ya biyo baya na daɗe ban ga irinsa ba. Tsohon nan da ya shigo yana jan ƙafa sai ga shi ya buɗe ƙafafu, ya rage tsawo, ya miƙa hannun hagu gaba, ya janye na dama can baya kusa da ƙugu. Jikinsa bai manta ba. Ya kafe abokin karawar da ido, yana ɗan lilo, yana jira.

Wasan ba ya son mai jira. Damben Turawa aka zuba masa, inda ake ɗaga hannu biyu a kare fuska a riƙa jefa naushi a jere. Ɗan mutumin Baba ya tsaya a allo hannuwa a warwatse, na kwamfuta ya yi ta zuba masa. Da Baba ya ga abin da yake jira, ya sako hannun daman nan tun daga baya, da ƙugu da kafaɗa da komai, dukan da na tabbata ya taɓa kwantar da ƙarti a ƙasa. Iskarsa sai da ta kaɗa labule. A allo kuwa ɗan mutuminsa ya ɗan miƙa hannu, bai ko taɓa kowa ba. Kafin turmi ya ƙare an ƙirga masa goma. Autan gidan ya karɓa, ya yi ta kaɗa hannuwa biyu barkatai, ya kayar da wanda ya kayar da Baba.

Dattijon bai ji haushi ba. Ya karɓi hularsa, ya zauna, ya ce, “Yaro, wannan mutumin naku ba ya tsorona, ni ma ba na tsoronsa. To me ya rage a damben?”

Na ce, “Baba, ai ko ba komai hannu ya motsa.”

Ya miƙo tafin hagunsa ya ce in ɗora nawa. Na ɗora. Ya ɗan tura, na tura, ya sassauta ba zato, sai ga ni na tafi gaba.

“Ka gani, Malam? Da wannan nake jin mutum. In na taɓa tafinsa na san inda nauyinsa yake, na san ko gwiwarsa ta yi sanyi. Wancan hannun aike kawai ake yi masa. A nan ake damben.”

Wanda bai san dambe ba idonsa na kan hannun da aka naɗe da tsumma da zare, wanda ake ce wa mashi. Amma ɗaya hannun, garkuwa, wanda ake miƙawa a buɗe, shi ke auna tazara, shi ke karewa, shi ke riƙe mutum, shi ke yaudararsa. Shi ya sa za ka ga an sa zare tsakanin ɗan Kudu da ɗan Arewa, ko na ɓangaren Guramada da na ɓangaren Jamus, su yi ta zagaya juna tafi na shafar tafi, 'yan kallo na ihu, a yi turmi uku a tashi babu kisa, kuma masana su ce an yi dambe mai kyau. Kisa kansa ba yawan naushi ba ne, mutum ya kai ƙasa ne, ko da hannu ko gwiwa ya dafa. Sunan Shago da Ɗandunawa bai kai yau ba don sun fi kowa saurin kaɗa hannu. Waƙoƙin Ɗan Anace sun taimaka, amma abin da aka yi wa waƙar shi ne tsayawa gaban mutumin da zai iya karya maka muƙamuƙi, ka natsu har ka ga ƙofa.

Tun ina zaune a wurin na fara ganin cewa matsalar ta wuce ƙarancin ma'auni. Ko da na'urar ta karanta dukan Baba daidai, tun daga yatsan ƙafa har dunƙulen hannu, hannun nasa iska zai ci gaba da duka. Wasan gaske zance ne na mutum biyu, ko na mutum da abu: ka buga, abin ya amsa maka a ƙashi. Ƙwallon tanis ba ta kai giram 60 ba, amma idan ta zo a guje ta sauka gefen raket sai ka ji ta har gwiwar hannu, kuma wannan jin ne malaminka, shi ke gyara maka bugu na gaba. Ƙwallon da ake mirginawa a wancan wasan na sanduna tana iya wuce kilo bakwai, nauyinta ne ke jan kafaɗa ya tsara taku. Abin da rimot ke mayar maka shi ne ɗan kakkarwa a tafin hannu da 'yar ƙara daga ƙaramar lasifikarsa. Uwargidan, wadda ke jin mu daga bakin ƙofa, ita ta yanke zancen.

“Ai wannan jan igiya ne a rijiya ba guga. Hannu na ta aiki, ba nauyi, ba ruwa.”

Washegari bayan an shafa fatiha, an ci an sha, na zame na hau Keke zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, gidan Wikki Tourists, ƙungiyar da ta ɗauki sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ta kuma ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998. Filin ya ga manyan baƙi. An buga wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a nan a 1999, aka sake dawowa da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Ranar da na je ba wasa, sai samari a fili na gefe suna atisaye cikin ƙura. Na tsaya ina kallon wani yana koyon bugun tazara. Abin da mai horar da shi ke ta yi masa faɗa a kai ba ƙafar bugun ba ce, ɗayar ce, wadda ake dasawa gefen ƙwallo. In ta yi baya ƙwallo ta tashi sama, in ta matso da yawa bugun ya mutu. A 2022 Nintendo ya fitar da sabon wasan wasanni a na'urarsa ta Switch, aka sa ƙwallon ƙafa a ciki, har da wani maɗauri da ake ɗaure hannun gem ɗin da shi a cinya don mutum ya yi shuri. Cinyar ƙafar bugu ake ɗaura wa. Wadda ke ɗauke da mutum, wadda ake yi wa yaron nan faɗa a kanta, har yau ba wanda ya tambaye ta.

Kada a ce na yi wa masu ƙera waɗannan abubuwa rashin adalci, sun yi ta gyara. A 2009 Nintendo ya ƙara wani ɗan ƙulli da ake maƙalawa a gindin rimot, MotionPlus, mai ma'aunin juyi, ta yadda na'urar za ta san yadda ka karkata hannu, ba fizga kaɗai ba. A 2010 Sony ya fito da Move, sanda mai ƙwallon haske a kai, kyamara na bin ta tana gane nisanta daga girman da ta gani. A ƙarshen shekarar Microsoft ya kawo Kinect, wanda ba a riƙe komai, kyamara ce ke watsa ɗige-ɗigen haske a ɗaki ta zana gaɓoɓin mutum daga kai har ƙafa. An sayi miliyan takwas cikin kwana 60 na farko. Kinect ya ga ƙafar da Wii bai gani ba, amma ya raba mutum da ɗan abin da yake riƙewa ma, ya bar shi hannu wofi yana dukan iska, ga ɗan jinkiri tsakanin motsi da abin da ke fitowa a allo. A 2017 aka daina ƙera shi.

Inda suka kusa cin nasara na gan shi ne a hanyar dawowa, a bakin wani lungu. Teburin ƙwallon tebur ne na falanki, an tokare ƙafarsa ɗaya da dutse, katako a tsakiya a madadin raga, yara sun kewaye suna jiran layi, wanda aka cinye ya biya. Ƙwallon tebur giram 2.7 ce. Ba ta da nauyin da za ta tura hannu baya, abin da take mayarwa ɗan ƙyas ne a tafi, kuma wannan ɗan kakkarwar na'ura tana iya kwaikwayonsa. Bat ɗin ma nauyinsa bai yi nisa da na hannun gem ba. Filin wasan bai fi tsakar ɗaki ba. Shi ya sa a cikin na'urorin zamani da ake sawa a fuska su rufe ido, waɗanda ke bin kai da hannuwa duk inda suka yi a ɗaki, wasan da ake yawan yabawa da kama da gaskiya shi ne ƙwallon tebur, musamman wanda ake kira Eleven Table Tennis. Na taɓa gwada shi a Abuja, kuma abin da ke faruwa da mutane da yawa ya kusa faruwa da ni, wato ka manta ka nemi dafa teburin da babu shi. Duk da haka yaran lungun nan suna da ilimin da ba ya cikinsa. Sun san gefen teburin da ya kumbura, sun san wane bat ne robarsa ta mutu ba ta murɗa ƙwallo, sun san su jira iskar hunturu ta lafa kafin su yi sabis. Da yawa daga 'yan wasan ƙasar nan a irin wannan tebur na titi suka fara, kuma ƙasar ta fitar da Aruna Quadri, ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas na ƙwallon tebur a gasar Olamfik, a Rio a 2016.

Sauran wurin da kwaikwayo ya yi aiki har ya ba da mamaki shi ne tuƙi. A 2008 Nissan da Sony suka shirya gasa ga masu buga wasan tseren mota na Gran Turismo, wanda ya yi fice a koya masa tseren gaske. Lucas Ordóñez ɗan Sifen ne ya fara ci, kuma a 2011 ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya biyo baya a 2011, har aka yi fim a kansa a 2023. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Direban gaske a zaune yake, sitiyari a hannu, totur da birki a ƙafa, mai wasan ma haka. Kuma sitiyarin wasan yana da ɗan inji a ciki mai yi maka gardama, ya yi tauri a kwana, ya saki idan taya ta fara sulɓi. Abin da ke hannunka shi ne abin da ke hannun mai sana'ar, kuma yana amsawa. Ko a nan ma sai da aka kai su sansani aka gina musu wuya da ƙirji, don kujerar falo ba ta jefa mutum gefe a kwana.

Da yamma na leƙa wani shagon gem a unguwar, ɗaki ɗaya, benci biyu, talabijin uku, janareta na kuka a waje. Ba mai tsalle, ba mai kaɗa hannu. Kowa ya duƙa kan hannun PlayStation, manyan yatsu na aiki, ana buga ƙwallon da har yanzu suke kira FIFA ko da yake tun 2023 aka canza mata suna. Na tambayi mai shagon ko ya taɓa tunanin sa irin na motsin nan. Ya dube ni ya dubi faɗin ɗakin.

“Alhaji, a ina za su tsaya? Su fasa mini allo, su fasa wa juna baki? Kuma wallahi ba sa so. Na yara ne.”

Na zauna na kalli wasa biyu, na kuma fahimci abin da ya sa ba sa so. Samarin nan da safe suna fili, sun san daɗin taɓa ƙwallo, ba sa neman a kwaikwaya musu shi. Abin da suke saya da kuɗinsu a shagon shi ne ɓangaren ƙwallo da filin unguwa ba ya ba su: ganin fili duka daga sama, jan 'yan baya su buɗe, sanin lokacin zura ƙwallo tsakanin mutum biyu. Ina ganin wasan yatsa ya fi kusa da ƙwallon gaske fiye da wasan shuri a iska, don shi bai yi da'awar zama ƙafarka ba, ya kama tunanin wasan ya riƙe shi da kyau.

Da na koma gida an riga an kai amarya, maza sun watse, falon ciki ya koma hannun mata. Daga tsakar gida nake jin ihu da shewa. Mai masaukina ya ce in leƙa in gani, ai duk 'yan'uwa ne. Ƙannen amarya ne da gwaggonninta, an ture kujeru, an ɗaure gyale a ƙugu, ana layi a kan damben nan da Baba ya raina. Ba mai kishingiɗa a cikinsu, ba mai dabarar wuyan hannu. Da gaske suke kai naushi, gumi na zuba a cikin sanyin nan. Wata gwaggo da ta haura hamsin ta kayar da na kwamfuta, aka ɗauki guɗa.

A Disamban 2007 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani bincike da aka yi a Jami'ar John Moores da ke Libaful, a kan matasa 11 masu shekara 13 zuwa 15. An samu cewa Wii Sports yana ƙona ƙarfin jiki fiye da wasan zaune, amma bai kai wasan gaske ba, bai kuma isa ya cike motsa jikin da ake so yaro ya yi kullum ba. Ban musa ba. Sai dai su da filin tanis suka auna shi. Da yawa daga matan falon nan rabonsu da guje-guje tun firamare, kuma ba wadda za ta je gidan dambe ta sa zare, ko ta shiga shagon gem na lungu ta zauna a benci. A wurinsu ba a tsakanin wannan da wasan gaske ake zaɓi ba, tsakaninsa da zama ne. Rashin nauyi da rashin ramuwar da suka sa abin ya zama wasan yara a idon tsohon ɗan dambe, su ne suka sa gwaggo ta iya shiga.

Da safe gwaggon ta tashi kafaɗa a riƙe, ana shafa mata man zafi. Wannan ma tsohon labari ne. Tun a 2007 wani likita ɗan Sifen, Julio Bonis, ya rubuta wa wata babbar mujallar likitoci ta Amurka yadda ya tashi da ciwon kafaɗa bayan ya daɗe yana buga tanis ɗin Wii. Hannun da bai daki komai ba, gaɓa ce ke tsayar da shi, kuma tun da ba gudu ake yi ba, numfashi ba ya ƙarewa ya ce maka ya isa. Igiyar da autan ya sa ni ɗaurawa ma tana da tarihi: wata guda da fitowar na'urar, a Disamban 2006, sai da kamfanin ya yi tayin canza igiyoyi miliyan 3.2 da masu kauri, saboda rimot na ta kuɓucewa daga hannun masu gumi yana fasa talabijin.

Ina haɗa jaka uwargidan ta aiko a kira ni. Na ɗauka sallahun kayan Kantin Kwari ne. Ta miƙo mini ƙullin masa da yaji, sannan ta ɗauko Nunchuk ɗin ta nuna mini.

“Malam, don Allah in ka koma Kano ka duba mana irin wannan wajen masu kayan gwanjo. An ce an daina yinsa tuntuni, sai dai na hannu. Guda ɗaya gare mu, shi ya sa kullum da na cikin talabijin muke yi.”

Na ce to, amma wa za ta kara da shi in an samu?

Ta kalli ƙofar ɗakin da faccalarta ta sauka, ta rage murya.

“Kai dai ka samo.”